Lemu, gwaba da zogale sun cukurkuɗe a tano ɗaya, yaya zan raba su?

Maman_Nafisa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina nan Tawa, shawara nake nema wajen masu garka. Shekara biyu ke nan na shuka ƴaƴan lemun tsami a cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, a tsakar gida. Irin iccen gidan mahaifiyata ne a Keita, shi ya sa nake ji da shi. Daga baya gwaba ta tsiro kusa da shi, ba ni na shuka ta ba, ina jin yara ne suka tofar da ƴaƴanta a wurin. Ni kuma da hannuna na ƙara jefa zogale bara da damana don in riƙa samun na kwaɗo. Yanzu ga su nan su uku sun sarƙe. Zogalen ya fi ni tsawo, gwabar ta kai ƙuguna, lemun kuwa ya tsaya cak, ganyensa na komawa ruwan ɗorawa. Abin da ya matsa mini shi ne maigida zai gina ɗaki daidai inda tanon yake, magina za su fara nan da mako uku. Yaya zan yi kowa ya samu raminsa ba tare da na kashe ko ɗaya ba? Kuma cikin wannan zafin na Afrilu, abin zai yiwu kuwa?

Baba_Gamkalle: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin mu ce komai, je ki kama bakin tanon da hannu biyu ki girgiza shi. In ya motsa, aikinki mai sauƙi ne, ja shi kawai za ki yi zuwa inuwa ki jira ruwan sama. In ya ƙi motsi, to saiwa ta huda gindi ta shige ƙasa, sai mu sake wata magana. Je ki gwada ki dawo ki faɗa mana.

Ɗan_Galmi: Tanti ki sare zogalen nan yau-yau. Shi ne ɓarawon, shi ka shanye ruwan, shi ka tare rana. Taura biyu ba ta taunuwa, bale uku.

Hajiya_Wadata: Haba Ɗan Galmi, daga zuwa sai sara? Baiwar Allah ta ce ba ta son ta rasa ko ɗaya.

Ɗan_Galmi: Hajiya ai ba rasa shi za ta yi ba. Zogale ba ya mutuwa don an sare shi. Ta yanki sandarsa kamar mita ɗaya, mai kaurin damtsen yaro, ta kafa a wani wuri ta riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, zai toho. Haka muke shinge da shi. Wanda anka yi wa gata shi ne lemun, don shi in ya tahi ya tahi.

Maman_Nafisa: Baba na gwada. Ko gezau bai yi ba. Na sa Nafisa da yayanta mun tura mu uku, kamar an kafa shi da siminti.

Baba_Gamkalle: To ai na zata. Tano shekara biyu ana zuba masa ruwa, gindinsa ya ci tsatsa ya rube. Kuma ina kyautata zaton zogalen ne ya fara hudawa, domin wanda aka shuka daga ƙwaya yana yin saiwa guda mai kauri kamar rogo, tana nutsawa ƙasa kai tsaye. Ga yadda ni zan yi da a garkata ne. Yau ki sare zogalen daidai da ƙasa kamar yadda yaron Galmi ya ce, kada ki tumɓuke shi, domin in kika ja shi zai taho da saiwar lemun. Ki bar kututturen a ciki. Sa'an nan ki tona gefe ɗaya na tanon da dagi, ki leƙa ƙarƙashi, duk saiwar da ta fita ta wannan gefen ki datse ta da wuƙa mai kaifi, ki mayar da ƙasa, ki ba da ruwa. Bayan kwana goma ki yi wa ɗaya gefen haka. Dalili shi ne icce ya fi jure a rage masa saiwa sau biyu da a yanke ta duka rana ɗaya, kuma kafin ranar tashi ya fara fitar da sabbin ƙananan saiwoyi a cikin tanon. Mako ukun da kike da shi ya isa wannan, amma da ƙyar. Da kin zo tun Fabrairu da mun fi sakewa.

Zainabu_Lamorde: Ni ban ga abin wahala ba. Ki juye su duka cikin babban baho mai ruwa, ki bar ƙasar ta narke, sai ki warware saiwoyin da yatsa kamar mai tsefe kitso. Haka na raba tumatir da tattasai da suka tsiro tare a bokiti ɗaya, babu wanda ya mutu.

Injiniya_Sani: Malama Zainabu, dabararki daidai ce amma ga ƴan tsiro masu mako uku zuwa huɗu. Tumatir ko an tsinka masa saiwa yana fitar da wata daga jikin karansa, shi ya sa ma ake binne shi da zurfi har kusa da ganyen farko. Lemu mai shekara biyu ba haka yake ba. In aka wanke masa saiwa tsirara a watan da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ƙananan saiwoyin da yake shan ruwa da su za su bushe kafin a kai shi rami. Shi da ƙasarsa ake ɗaukarsa, dunƙule guda.

Zainabu_Lamorde: To Injiniya, in an ɗauke shi da ƙasarsa ai da gwabar za a ɗauka. Ina rabuwar take?

Injiniya_Sani: Tambaya mai kyau. Ba warwarewa za a yi ba, yankawa za a yi. A tsaga tanon daga sama zuwa ƙasa a buɗe shi kamar an ɓare gyaɗa, sai a sa adda mai kaifi tsakanin lemun da gwabar a raba dunƙulen biyu. Amma ba rabon adalci ba. A matsa addar kusa da gwabar, a bar wa lemun kaso biyu cikin uku na ƙasar. Gwaba tana da taurin rai, ko guntun saiwarta aka bari a ƙasa tana iya tohowa.

Hajiya_Wadata: Wannan gaskiya ne. Mun sare gwaba a gidanmu don ta dame mu da ƙudaje, shekara ta zagayo sai ga ƴaƴanta uku sun ɓullo ta bayan madafa.

Abdu_Tabalak: Ni shawarata dabam take. Maman Nafisa, ki roƙi maigida ya ɗaga ginin zuwa Yuli. Ba a banza aka sa ranar dashen itace ta ƙasa 3 ga Agusta ba, lokacin ƙasa ta jiƙe, sama da hadari, iska da laima. Icce da aka dasa a Afrilu a Tawa yana faɗa da abu uku lokaci ɗaya, rana, busasshiyar iska, da raunin saiwa. Mu nan bakin tabki da ruwa a hannunmu ma ba mu dasa icce a bazara.

Maman_Nafisa: Malam Abdu, ai ginin ne ba ya son damana. Bulon ƙasa ne, an riga an buga shi, in ruwa ya same shi a waje asara ce. Ba zan iya tunkarar maigida da maganar a tsayar da ɗaki saboda lemu ba, dariya zai yi mini.

Bagobiri_na_Madawa: Ki kawo ma Bazabarme ya dasa miki, su da ba su san komai ba sai kopto, kwaɗon zogalen nan nasu, ko zogalen zai tsira.

Hamani_Harobanda: Ji bawana yana magana. Kai da ka zo Yamai ka ga kogi ka ce wa ya bar pampo a buɗe? Maman Nafisa rabu da shi. Amma tun da ya ambaci kopto, ganyen zogalen da za ki sare kada ki zubar, ki dafa, sauran ki shanya a inuwa ba a rana ba.

Ɗan_Galmi: Bari in ba ku labarin yadda muke yi da albasa, don duk wanda ke noman albasa rabon tsiro shi ne aikinsa. Muna watsa iri a fangalin reno, ya tsiro cunkus kamar gashin kai. Bayan kwana 40 zuwa 50, in kaurinsa ya kusa na fensir, sai mu cika fangalin da ruwa tun daren jiya, da safe ƙasa ta yi laushi, mu cira da hannu. Mu rage ganyen, mu rage saiwar kaɗan, mu dasa tazarar kamar santimita 10 zuwa 15. Wanda ya yi jinkiri ya bar shi ya tsufa a reno, albasarsa ba ta yin kai mai kyau. Wanda kuma ya zuba iri da yawa don rowar fili, sai ya samu tsiro sirara kamar zare, rabinsu su mutu wajen dashe. Kunka ji albasar Galmi ta kai Abijan da Akara, to daga wannan fangalin aikin ke farawa.

Zainabu_Lamorde: To ga shi ku ma tsirara kuke cire saiwar, babu dunƙulen ƙasa. Me ya sa ni aka ce nawa bai yi ba?

Ɗan_Galmi: Don mu cikin sanyi muke dashe, Nuwamba zuwa Disamba, har Janairu. Kuma albasa tana da ajiyar ruwa a gindinta. Kowane tsiro da halinsa, yaya.

Inna_Mai_Salati: Haka ne. Salati da kabeji da tumatir da yalo suna son dashe, har sun fi kyau in an dasa su. Amma karoti ba a dasa shi, in kin dasa sai ya fito da ƙafa biyu ko ya murɗe. Shi ragewa ake yi, a cire na cirewa a bar tazarar yatsa uku. Kuɓewa ma da kankana da kabewa ba su son a taɓa musu saiwa. Na ga sabbin masu garka da yawa suna jin tausayin cire tsiro, su bar goma a rami ɗaya, ƙarshe babu wanda ya yi abin kirki. Ko gero a gona in ya tsiro ai ana rage shi a bar uku ko huɗu a gindi.

Baba_Gamkalle: Inna kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tausayin tsiro shi ke kashe garka. Lokacin da aka matsa wa mutane da noman rani bayan farin 1984, zamanin Shugaba Kunce, na ga waɗanda aka ba irin karoti suka watsa shi kamar gero, suka ƙi ragewa, suka girbi ganye zalla.

Rabi_Koira_Kano: Don Allah ku ba ni dama in shigo da tawa, tun da magana ta zo. Na shuka ƙwallon mangwaro guda ɗaya tak, sai ga tsiro huɗu sun fito daga cikinsa. Kishiyar mamata ta ce abin ba alheri ba ne in tumɓuke. Mene ne gaskiyarsa?

Injiniya_Sani: Babu wani abin tsoro ƙanwata. Akwai irin mangwaron da ƙwallonsa ɗaya ke ɗauke da ƴaƴa da yawa a ciki, galibi irin namu na gargajiya mai zare. Yawancin waɗannan tsiron kwafin uwar ne sak, guda ɗaya ne yake fitowa daga barbarar fure. Masu renon itace suna murna da irin wannan, domin a kansu ake yin aure, wato a haɗa musu reshen wani irin da ake so. In suna ƙanana, ganye bai wuce huɗu zuwa shida ba, ki tono ƙwallon gaba ɗaya, ki jiƙa, ki raba su a hankali kowa da ɓangaren ƙwallonsa, ki sa kowa a ledarsa a inuwa. In kuma guda kike so, ki zaɓi mai ƙarfi ki datse sauran da almakashi. Lemu ma yana yin haka. Maman Nafisa, duba da kyau, ƙila lemunki ma ba kara ɗaya ba ne.

Maman_Nafisa: Ikon Allah. Injiniya kara biyu ne, manne da juna tun daga ƙasa, ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ni na ɗauka reshe ne. To yanzu sun zama huɗu ke nan, su ma in raba su?

Injiniya_Sani: A'a, waɗannan kada ki gwada. Shekara biyu suna manne, saiwarsu ta zama ɗaya a aikace. Ki datse siririn daidai ƙasa, ko ki bar su haka.

Baba_Gamkalle: Ni zan ce ta bar su haka har sai an ga wanda ya tsira bayan dashe. Ba a yanka ɗaya cikin akuya biyu tun ba a san wadda za ta haihu ba. In damana ta wuce duka biyun suna raye, sai ta cire ƙaramin.

Injiniya_Sani: Na yarda da Baba, ya fi ni gaskiya a nan.

Mahamadu_Pepiniyer: Ku gafarce ni, ni mai sayar da itace ne, kada ku ce talla nake. Amma duk wannan wahala a kan lemun da aka shuka daga ƙwaya? Irin wannan yana iya kai shekara biyar ko fiye bai yi ɗa ba, ga ƙaya. Mai aure kuwa shekara biyu zuwa uku ya fara. Ki bar magina su yi aikinsu, damana ta faɗi ki sayi girefe, wato mai aure, ki dasa a wuri mai kyau.

Hajiya_Wadata: Malam Mahamadu ba ka karanta farkon maganar ba. Ta ce irin gidan mahaifiyarta ne. Akwai abin da ba a saya a pepiniyer.

Mahamadu_Pepiniyer: Na karanta Hajiya. To in don irin ne, ai akwai hanyar da ta fi. In uwar iccen tana nan a Keita, a yanko reshenta a aura a kan wani gindi, shi ne zai ba ta ainihin lemun gidansu, kuma da wuri. Yadda ake yi wa magarya ke nan a samu pom di Sahel, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa, gindin magaryar daji ne, kan kuwa na mai manyan ƴaƴa.

Maman_Nafisa: Uwar iccen ba ta nan Malam. Ta bushe shekarar da aka raba gidan. Wannan ne kaɗai ya rage.

Mahamadu_Pepiniyer: Allah sarki. To na janye. In haka ne ki bi maganar Baba da Injiniya, kuma ki ƙara da wannan: ramin ki haƙa shi tun yanzu, kada ki bari sai ranar. Santimita 60 faɗi, 60 zurfi. Ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Ki gauraya ta saman da taki ruɓaɓɓe ki mayar, ki riƙa jiƙa shi har ranar dashe. Kuma ki nisanta shi da bango da masai, aƙalla mita uku, kada nan da shekara biyar a sake cewa za a yi gini.

Abdu_Tabalak: A ja layi a ƙarƙashin kalmar ruɓaɓɓe. Na taɓa zuba ɗanyen kashin shanu a ramin gwaba guda shida, gara ta zo ta cinye takin ta haɗa da saiwar. Wanda bai ƙone ba gara ta gama da shi. Yanzu sai takin da ya kwana wata uku a rami, in barbaɗa toka, in zuba ganyen dogon yaro a kai.

Rabi_Koira_Kano: Takin zamani fa? Ina da ragowar 15-15-15.

Injiniya_Sani: Ba yanzu ba. Saiwar da aka yanka ciwo ce, takin zamani kuwa gishiri ne. A jira sai sabon ganye ya fito ya yi ƙwari, wata ɗaya zuwa biyu, sa'an nan a sa kaɗan nesa da gindi. Wani abu kuma da nake gani kullum: mutane suna binne lemu da zurfi wai don ya kafu. Kuskure ne babba. Inda ƙasa ta tsaya masa a tano, nan za ta tsaya masa a rami. In aka binne wuyansa, ko aka bar ruwa yana kwanciya a jikin karan, sai ɓawon ya fara fitar da ƙaro ya ruɓe. A yi masa kwanon ruwa zagaye, amma a tara ƴar ƙasa a jikin karan yadda ruwan ba zai taɓa shi ba.

Hamani_Harobanda: Ayaba fa jama'a? Tawa ta yi ƴaƴa bakwai a gindi, ta daina yin nono mai girma.

Baba_Gamkalle: Hamani, ayaba uku ake bari a gindi: uwa mai ɗauke da nono, ɗiya mai bi mata, da jika. Sauran a cire. Wajen zaɓen na dashe ka ɗauki mai siririn ganye kamar takobi, gindinsa da kauri. Mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami kyan ido ne kawai, ba shi da ƙarfi. Ka sa dagi mai faɗi tsakaninsa da uwar ka datse mahaɗin da sara ɗaya, ka fere saiwar da duk wani baƙi-baƙi da ka gani a gindin, don nan tsutsa ke ɓuya.

Bagobiri_na_Madawa: Baba kana ɓata bakinka, zai dasa ta kai ƙasa saiwa sama.

Hamani_Harobanda: Allah ya shirye ka.

Inna_Mai_Salati: Tun da kowa na kawo tasa, ni gargaɗi zan yi a kan na'ana'a. Kada wanda ya kuskura ya dasa ta fangali ɗaya da wani abu. Na sa ta kusa da sitironel, ciyawar nan ta shayi, cikin wata huɗu ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga tsakiyar kowane gindi. Sai da na tone duka, na rarraba sitironel ɗin gindi-gindi, na aske masa ganye saura tsawon tafin hannu, na sake dasawa. Shi ya kama ba wuya. Ita kuwa har yau ina cire ta, ko guntun da bai kai yatsa ba aka manta sai ya tashi. Yanzu a tsohuwar taya take zaune, a kan siminti.

Maman_Nafisa: Ƴan uwa na dawo da labari. Na sare zogale tun ranar, na kafa sanduna uku bayan ɗaki. Na datse saiwar gefe ɗaya, bayan kwana goma na yi ɗayan, yadda Baba ya ce. Jiya bayan la'asar ƙanen maigida ya tsaga tanon. Abin da muka gani a ciki ya ba ni mamaki, saiwar gwabar ta zagaye bangon tanon kamar an naɗe gammo, ta lulluɓe ta lemun. Mun sa adda mun raba, mun ɗauki lemun a kan buhu mu biyu har rami. Sai dai wani ɓangaren ƙasar ya zube a hanya, don yashi ya yi mata yawa. Na ba shi ruwa bokiti uku, na yi masa rumfa da zana. Gwabar kuma na ga wasu ƙulle-ƙulle a saiwarta kamar ƴan tsakuwa, ban sani ba ko haka take.

Injiniya_Sani: Sannu da aiki. Amma maganar ƙulle-ƙullen nan ta tsaya mini. Gwaba ba ta yin su don lafiya. Wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna shiga saiwa su kumbura ta, su ne kuma ke addabar tumatir da kuɓewa. In haka ne, ni ba zan dasa gwabar nan kusa da inda kike shuka kayan miya ba, kuma ragowar ƙasar tanon kada ki zuba ta a fangali.

Abdu_Tabalak: Ni da ƙona ta zan yi in huta.

Hajiya_Wadata: Ku dai ba ku da aiki sai sara da ƙonawa. Ta sa ta a wani bokiti can gefe mana, in ta rayu ta rayu.

Baba_Gamkalle: Ɗiyata, kin rage wa lemun ganye kuwa? Ban ga kin faɗa ba.

Maman_Nafisa: Ban rage ba Baba, tausayi ya hana ni, ganyen dududu nawa ne.

Baba_Gamkalle: Ga irinta nan. Saiwa ta ragu rabi, ganye yana nan yadda yake yana fitar da ruwa, wa zai shayar da shi? Yau da marece ki rage kashi ɗaya cikin uku, ki fara da rassa masu taushi na sama.

Injiniya_Sani: Nan kam ni da Baba mun ɗan saɓa. Ganyen ne ke dafa abincin da sabuwar saiwa za ta fito da shi. Tun da ta yi rumfa, ni zan ce ta cire masu taushin kawai da waɗanda suka karye, ta bar sauran, ta shimfiɗa ciyawa busasshiya a gindi, ta riƙa yayyafa wa zanar ruwa da rana tsaka.

Baba_Gamkalle: Injiniya, a littafi haka ne. A Tawa cikin Mayu, iskar da ke busowa kafin azahar ba ta karanta littafin ba.

Ɗan_Galmi: Mu dai albasa muna aske ta.

Zainabu_Lamorde: Kai kuma komai albasa.

Maman_Nafisa: Na bi tsakiya, na rage kaɗan. Yau kwana tara. Sandunan zogale biyu sun fara toho, ɗaya ta ruɓe. Gwabar tana bokiti kamar yadda Hajiya ta ce, ta yi yaushi amma ba ta mutu ba. Lemun ne ke tayar mini da hankali, ganyensa na zuba, da safe na tsince sha ɗaya a ƙasa, kuma korensu shar. Ya mutu ke nan?

Mahamadu_Pepiniyer: A'a Maman Nafisa, wannan ma ya fi. Icce mai rai shi ke zubar da ganyensa da kansa don ya rage nauyi. Wanda ake tsoro shi ne ganye ya bushe ƙamas ya maƙale a reshe ya ƙi faɗuwa. Ki ɗan kankare ɓawon karan da farce, in kin ga kore a ciki da danshi, yana nan. Kuma kada tsoro ya sa ki yi ta ɗura masa ruwa. Ki tura yatsa cikin ƙasa, in da laima ki bari sai gobe.

Abdu_Tabalak: Ni dai har yanzu ina kan bakana, da an jira Yuli da duk wannan fargabar ba ta taso ba. Saura kusan wata biyu kafin ruwa ya zauna, Allah ya sa ya kai.

Maman_Nafisa: Na kankare. Babban karan kore ne. Ƙaramin kuwa daga sama ya yi ruwan ƙasa, sai can kusa da gindi na samu kore.

Baba_Gamkalle: To bar shi, kada ki yanke tukuna. Ki sake duba shi ranar Juma'a.

Rabi_Koira_Kano: Baba kafin ka tafi, mangwarona huɗun nan na raba su jiya, amma ɗaya ya fito ba tare da ɓangaren ƙwallonsa ba, saiwa ce kawai da ganye biyu. In sa shi a leda ko in jefar?